Tagar solda mas a kan bod: ina za ka buɗe, ina za ka bari a rufe?

Koren fentin nan da ke kan bod, wanda ake kira solda mas, aikinshi biyu ne: ya hana dalma kama inda ba a so, kuma ya rufe jan ƙarfe daga iska da datti. To duk inda ake son dalma ta kama dole a bar taga. Matsalar ita ce mafi yawan yaranmu da ke fara zanen bod, 'yan Danfodiyo da 'yan Poli ta Umaru Ali Shinkafi masu furojet, da ma masu haɗa inbata da kwanturolar sola a gari, sai su bar wa manhaja ta yanke masu hukunci, ko kuma su je ɗaya gefen su dinga buɗe taga ko'ina saboda sun ga wani bod ɗin Chana da anka yi haka. Ni ra'ayina tun daga farko in faɗa maka ɗan'uwa: a Sakkwato rufewa ita ce asali, buɗewa sai da dalili. Amma dalilan suna nan, kuma wasu masu ƙarfi ne, shi ya sa gara a auna su.

Abu na farko da ke rikita sabon shiga, layin mas a juye yake. Abin da ka zana a F.Mask ko B.Mask na KiCad, ko Top Solder na Altium, ko tStop da bStop na Eagle, shi ne inda BABU fenti. In ka bar layin fanko to an shafe bod ɗin duka. Kuma kada ka haɗa shi da layin Paste, wancan na sitansil ne, wato inda za a shafa kwaɓin dalma, in ka yi zane can kana jiran jan ƙarfe ya fito a buɗe to bod zai zo maka kore shar.

Mu fara da fad, inda ƙafar kaya ke zama. Hanya biyu ce. Ko dai tagar ta fi fad ɗin faɗi kaɗan, jan ƙarfen ya tsaya shi ɗai a tsakiya da ɗan fili kewaye da shi, wannan shi ne NSMD. Ko kuma tagar ta fi fad ƙanƙanta, fenti ya hau bakin jan ƙarfen ya danne shi, girman tagar ya zama shi ne girman fad, wannan shi ne SMD, kuma ba SMD ɗin nan na kayan da ake liƙawa a saman bod ake nufi ba, haruffan ne kawai sunka zo ɗaya. In ka sa bod ƙarƙashin gilashin nan na masu gyaran waya za ka gane su nan take: na farko za ka ga fad mai ƙyalli, sai wani siririn zobe mai duhu-duhu na jikin bod ɗin tsirara, sannan kore ya fara. Na biyu kuwa kore ne ya zo ya kwanta kan ƙyallin kai tsaye, har kana hango tudun sauran jan ƙarfen a ƙarƙashin fenti.

Mi ya sa NSMD ta fi yawa? Saboda kamfani ya fi iya yanka jan ƙarfe daidai fiye da yadda yake iya daidaita fenti a kanshi. Fentin kan ɗan goce gefe guda, abin ba ya wuce ɗan kaso na milimita amma shina nan, to in tagar ta fi fad faɗi ko ta goce ba ta hau kanshi ba. Sannan dalma tana samun gefen jan ƙarfen ta rungume shi ba sama kawai ba, haɗin ya fi jure zafi da sanyi, yau ya buɗe gobe ya tsuke. A garin da rana ke wuce digiri 40 a watan Afrilu, hunturu kuma a wayi gari da sanyi mai shiga ƙashi, wanga ba ƙaramin abu ba ne ga kayan da za a kafe a waje jikin falwaya. Ita SMD ƙarfinta wani waje yake: fentin da ya danne bakin fad shina riƙe shi kada ya ɗago. Duk mai gyaran waya ya san baƙin cikin ɗaga aisi da buluwa ka ga fad biyu uku sun biyo shi, a dawo ana jan siririyar waya ana ɗiga koren man nan da ake busarwa da fitilar UV. To SMD ta fi jure irin wannan, ta fi jure faɗuwa ƙasa, da jijjiga, da kanekta da ake sokawa ana zarewa. Illarta ita ce daidai bakin fentin dalma kan yi wuya siriri, nan ne tsagewa ke farawa in an daɗe ana zafi ana sanyi, kuma tunda fad ɗin jan ƙarfen dole ya fi girma sai filin wucewar layi tsakanin ƙafafu ya ragu.

To wace za ka ɗauka? In kayanka irin namu na kullum ne, razisto da kafasito 0805 ko 0603, ATmega328P mai tazarar ƙafa 0.8, STM32F103 mai 0.5, modul ɗin ESP32-WROOM mai 1.27, NSMD kawai, kada ka wahalar da kanka. SMD sai in takardar bayanin kamfanin da ya yi kayan ta ce a yi haka, kuma akwai masu cewa, misali EPC masu taransiston GaN ita suke ba da shawara. Abu guda da ba a yi shi ne gauraya su a ƙarƙashin BGA guda, ƙwallayen dalmar sai su zauna tsawo daban-daban. Mai son bin diddigi IPC-7351 ce ta yi maganar sawun kaya gaba ɗaya, IPC-7095 kuma ta BGA.

Akwai wani tarko nan da ba a cika faɗa ba. In fad ɗinka shina cikin babban filin jan ƙarfe na giraun, ka haɗa shi kai tsaye ba ka sa 'yan ƙafafun nan huɗu na rage shan zafi ba, to ko ka so ko ka ƙi ya koma SMD, kuma girmanshi ya zama girman tagar, wato ya fi ɗan'uwanshi na ɗaya gefen. A 0805 ba ka ma lura. A 0402 kuwa gefe guda ya riga narkewa sai ka ga razisto ya miƙe tsaye kan ƙafa ɗaya.

Sai girman tagar kanta, nawa za ta fi fad? Nan ne lissafi ke shigowa kuma lissafin ba wuya. Altium da Eagle sun saba zuwa da mil 4, wato milimita 0.1 kowane gefe. KiCad na yanzu sifili yake sawa, ya bar wa kamfani ya ƙara abin da injinsa ke buƙata. Yawancin masu zane kan tsaya 0.05. Ɗauki aisi mai tazarar 0.5, faɗin fad 0.3, saura 0.2 tsakanin fad da fad. In ka ci 0.05 nan ka ci 0.05 can ya rage 0.1, wannan ɗan siririn fentin da ya rage shi ne shinge, kamar kunyar da ke raba fangali da fangali a lambun albasa, ita ke hana ruwan wannan malala cikin wancan. In kuwa ka bar 0.1 kowane gefe, 0.2 ɗin ta tafi gaba ɗaya, babu shinge, ƙafafu goma sha biyu na gefen aisi suna cikin taga guda. Kamfanoni da yawa mafi ƙanƙantar shingen da suke iya tsayarwa a koren fenti wajen 0.1 ne, abin da ya gaza haka su da kansu za su share shi don in an bar shi ɓallewa yake ya zama datti. Baƙi da fari sun fi kore buƙatar faɗi, don haka mai son baƙin bod don ado ya sani cewa shingen da zai tsaya a kore ba lallai ya tsaya mashi ba. Kore ba don kyau anka fi amfani da shi ba, shi injinan sunka fi sabawa da shi, kuma shi ya fi sauƙin duba layi da ido.

Shin rashin shingen bala'i ne? Ba kullum ba hwa. RP2040 tazararsa 0.4 ce, a irin wannan sau tari taga guda ake yi wa jerin ƙafafun da gangan, kuma in da sitansil da kwaɓin dalma daidai gwargwado lafiya lau yake fita. Amma mu da za mu zauna da ayan a hannu a shago, wuta ta zo ta ɗauke, bakin ayan ɗin ma ya ci ya yi kauri, shingen nan shi ne abokinka, musamman a kanektar USB-C mai tazarar 0.5 inda in dalma ta haɗa ƙafa biyu can ciki sai ka sha wuya kafin ka zuƙe ta. Don haka tsakanin sifili da 0.05 duk wanda ka ɗauka ka yi daidai, ni na fi son sifili in dai kamfanin ya rubuta cewa shi zai daidaita, in bai rubuta ba 0.05. Ita 0.1 ta manyan kaya ce masu ƙafar soke rami, nan ba ta cutar kowa.

Yanzu babbar magana, wadda ta fi shafar masu inbata da caja: a buɗe layin wuta mai yawa a zuba mashi dalma, ko a bar shi rufe a nemi wata hanya? Kowa ya taɓa kwance inbata ko tsohuwar UPS ya juya bod ɗin ya gani, layukan da ke tafiya wajen mosfet an tsaga masu taga doguwa-doguwa jere, dalma ta kwanta kansu tudu-tudu tana ƙyalli. Su a masana'anta bod ɗin kan bi ta kan igiyar narkakkiyar dalma ne, don haka kyauta suke samunta, kuma sun yi tagar tsiri-tsiri ne don kada dalmar ta taru wuri guda ta yi ƙullutu. Mutanenmu sun ga haka sai anka ɗauka ai dalma ita ce maganin zafin layi. Tana taimakawa, ban ce ba ta yi ba, amma a duba lambobin. Dalmar gubar nan ta kullum ta fi jan ƙarfe hana wuta wucewa kusan ninki takwas zuwa tara. Bod na oz 1 kaurin jan ƙarfensa maikiron 35 ne. Kenan kafin ka samu kwatankwacin wani oz 1 a sama sai ka kwantar da dalma mai kaurin kusan milimita 0.3, daidai wa daida tun daga farkon layi har ƙarshe, kuma da hannu ba ta kwanciya daidai, wani wuri tudu wani wuri kwari, zafin kuma a kwarin zai taru. Wanda ya buɗe tagar kawai bai ƙara komai ba, yana ganin ɗan farin HASL da kamfani ya shafa ya isa, to wannan 'yan maikiron ne, in ka raba shi takwas babu abin da ya rage, ya tsiraita layinsa a banza.

Bari mu sa misali a ƙasa. Layi mai faɗin milimita 10, tsawon santimita 10, oz 1, juriyarsa wajen miliyom 5. Amfiya 30 ta bi ta kai, wat 4 da ɗoriya ke zama zafi a wanga ɗan wuri. Ka koma oz 2, ya rabu biyu, wat 2 da kaɗan. Ka zuba dalma 0.3 mai kyau kan oz 1, kusan nan ɗin dai za ka sauka, bayan ka ƙona dalma mai yawa ka gasa bod ɗin da ayan. Amma ka buɗe tagar, ka feƙe wayar 2.5 ɗin nan da masu wayarin ke ja wa soket, ka kwantar da ita kan layin ka kama ta da dalma, juriyar ta faɗo ƙasa da miliyom 1, zafin ya koma wajen rabin wat. Dalili a fili yake, layin nan gaba ɗayansa murabba'in milimita 0.35 ne in ka yanka shi, wayar kuwa 2.5, ninki bakwai. Kenan amfanin tagar na gaskiya shi ne ta ba ka wurin kama waya ko sandar jan ƙarfe, dalma manne ce kawai. Kuma ka tuna inbata mai wat 1000 kan batir 12 tana jan sama da amfiya 80, wannan ba aikin layin bod ba ne ko da wace irin dalma, waya ko sanda ake sawa.

To a auna su ukun. Oz 2 a rufe ya fi tsabta, kowane bod ya fito iri ɗaya da ɗan'uwansa, ba aikin hannu, illa kuɗi ya ƙaru kuma tazarar da kamfani ke iya yankawa tsakanin layuka ta ƙaru, in akwai aisi mai ƙananan ƙafafu a bod ɗin sai ka duba. Faɗaɗa layi, ko a ja shi sama da ƙasa a ɗinke da ramukan haɗi da yawa, shi ya fi duka araha don kyauta ne in kana da fili, lissafin IPC-2221 ya nuna amfiya 10 a oz 1 da ƙarin zafi digiri 10 tana son faɗin milimita 7 da ɗan kai. Taga da waya ita ce mafi ƙarfi, amma aikin hannu ne, in bod biyar ne ba komai, in ɗari ne sai ka ɗauki yara. Ni dai ƙasa da amfiya 10 ba na ko tunanin taga, faɗi ya isa. Daga nan zuwa 20 ko 30 oz 2 ko fuska biyu. Sama da haka taga da waya. Wani abin da mutane ba su yarda da shi sai sun auna: ƙarfe mai ƙyalli bai kai koren fenti iya fitar da zafi ta haskakawa ba, don haka cewa a buɗe layi don ya sha iska ba hujja ba ce.

Kuma ga kuɗin da ake biya a nan garin. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu ba inda ba ta shiga, fankar inbata kuma ita ke jawo ta da kanta ta shimfiɗa kan bod. Busasshiya ba ta cika yin ɓarna ba, sai damina ta faɗi wajen Yuni iska ta yi laima ƙurar ta jiƙe ta fara ɗaukar wuta tsakanin abubuwan da ke buɗe. Ga tsaka da kyankyasai masu son ɗumin akwati. Ɓangaren batir 12 ko 24 da sauƙi, amma ɓangaren 230 ƙololuwarsa volt 325 ce. Teburin IPC-2221 kansa ya bambanta: daga volt 301 zuwa 500, layi mai rufin fenti 0.8, tsirara 2.5. Wato ranar da ka buɗe taga a layin wutar gari tazarar da ta ishe ka jiya ba ta isa yau. Kada kuma a juya maganar a ce tunda da fenti sai a matse, dokokin kare rai irin IEC 62368-1 ba su lissafa solda mas na kullum a matsayin abin dogaro tsakanin wutar gari da inda hannun mutum ke taɓawa, nan tazara ake bari ta gaske ko a tsaga bod ɗin. In dole ka buɗe, to bayan ka gama kama waya ka wanke man dalmar tas ka fesa banish na bod a kai.

Ramukan haɗi, waɗanda manhaja ke rubutawa Via, nan ma zaɓi ne, a rufe bakinsu ko a bari. Rufewa ta fi a kusan ko'ina: ƙarƙashin aisi, kusa da fad inda dalma ka iya tsallakawa, ƙarƙashin batir ko abin shan zafi na ƙarfe. Amfanin bari a buɗe guda ne, wurin dangwala mita in ana neman matsala, kuma ni na fi ganin ka sa wuraren gwaji na musamman masu suna a jiki, 3V3, GND, TX, ka rufe sauran. Sai dai fentin ruwa ba ya iya rufe babban rami, wajen 0.3 zuwa ƙasa ne yake kamawa sosai, in ramin ya yi faɗi fentin kan fashe a tsakiya, zoben dai ya rufu amma ramin na nan. A tsohon KiCad wurin fitar da Gerber ake zaɓa wa duka ramukan gaba ɗaya, daga KiCad 9 da ta fito a 2025 kana iya zaɓa wa kowane rami nashi. A Eagle lambar Limit da ke shafin Masks na DRC ita ke yankewa, ramin da ya fi ta girma a buɗe shi.

Inda abin ke da ɗan sarƙaƙiya shi ne babban fad na ƙarƙashin QFN ko regileta, wanda ke kwashe zafi. Dole a buɗe shi ta sama, kuma ana sa ramuka ciki don zafi ya sauka ƙasa, to ramukan nan suna shanye dalma. In ka bar su 0.3 shan ba ya yawa. In ka rufe su ta ƙasa kawai iska kan maƙale ta yi kumfa cikin dalmar. Cikewa da toshewa a shafe da jan ƙarfe, wanda IPC-4761 ta kira nau'i na VII, shi ne mafi kyau amma da kuɗinsa, furojet ɗin makaranta bai kai nan ba. Wanda ba shi da buluwa kuma akwai dabara: rami guda babba mai rufin ƙarfe a tsakiyar fad ɗin, a buɗe tagarsa ta ƙasa, ka sa bakin ayan ta baya ka ɗura dalma har ta kama cikin aisin. Ba a kai shi masana'anta, amma shina aiki.

Sauran ƙananan tagogi ba sa son dogon zance. Ramin noti da ake son ya haɗa giraun da jikin akwati a buɗe zobensa. Alamar da injin jera kaya ke dubawa, ɗigon milimita 1 cikin taga mai 2. Suna ko tambari da ake son ya fito da ruwan zinare, wannan sai ka biya ENIG, a HASL fari zai fito kuma da ƙuraje, sannan ka tabbata akwai jan ƙarfe a ƙarƙashin rubutun kuma ba layi biyu daban ya ratsa ba, KiCad ma kan yi ƙorafi a DRC in taga guda ta buɗe layuka biyu da ba su da haɗi, kada ka danne ƙorafin ba ka duba ba.

Kafin ka tura wa JLCPCB ko PCBWay ko duk wanda kake hulɗa da shi, buɗe fayilolin Gerber ɗin da kanka a GerbView ko a mai nunawa na shafinsu, ka ɗora na mas, galibi masu ƙarewa da GTS da GBS, a kan na jan ƙarfe, ka zuƙo hoton wajen aisin da ya fi ƙananan ƙafafu ka ga ko shingen na nan. Sawun da ka sauko da shi daga intanet wani lokaci da nashi faɗin tagar yake zuwa a ciki, ya take wanda ka sa wa bod ɗin gaba ɗaya. A fom ɗin oda kuma akwai wurin zaɓen yadda za a yi da ramukan haɗi, ka tabbata abin da ka danna can ya yi daidai da abin da ke cikin fayil, don in sun saɓa ko su tsayar da aikin su aiko maka tambaya ko su bi fayil ɗin, kai kuma kana Mabera kana ƙirga makonnin da kaya za su yi kafin su iso daga Chana.